Darasin sanin ƙasa: Ramin jan ƙarfe na Tenke Fungurume

1. Ina wurin yake?

Ku buɗe taswirar Afirka. Ku aza yatsa bisa Nijar, ku gangara kudu maso gabas, ku wuce Najeriya da Kamaru, ku ƙetare kogin Kwango. Za ku iske wata babbar ƙasa a tsakiyar nahiyar. Sunanta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, babban birninta Kinshasa. Faɗinta ya kusa ninka na Nijar sau biyu. Daga 1971 zuwa 1997 ana ce mata Zayir.

A ƙuryar kudu maso gabashin ƙasar, kusa da iyakar Zambiya, akwai yankin Katanga. A 2015 aka raba shi jihohi 4. Ɗaya daga cikinsu ita ce Luwalaba, babban garinta Kolwezi. Cikin wannan jiha akwai garuruwa biyu maƙwabtan juna, Tenke da Fungurume. Suna wajen kilomita 180 arewa maso yamma da birnin Lubumbashi. Nisan bai kai na Maraɗi zuwa Damagaram ba.

Ƙasar tudu ce, tsayinta ya zarce mita 1.000 bisa teku. Damina tana farawa can wajen Nuwamba, ta ƙare wajen Afrilu, daidai lokacin da Nijar take cikin rani. Mutanen wurin suna noman masara da rogo da wake.

A nan ne ake da ɗaya daga cikin manyan mahaƙun jan ƙarfe da kobalt na duniya. Filin mahaƙar ya kai wajen murabba'in kilomita 1.500, wato kamar gona mai tsawon kilomita 50 da faɗin kilomita 30.

2. Mine ne amfanin ƙarafan nan biyu?

Kowa ya san jan ƙarfe. Shi ne cikin wayar lantarki, da injin famfo, da fanka, da rediyo. Lantarki yana bi ta cikinsa ba wuya, kuma ana iya ja shi ya zama siriri kamar zare bai tsinke ba. Mota mai aiki da lantarki tana ɗauke da wajen kilo 80 na jan ƙarfe.

Kobalt kuwa ƙarfe ne mai ruwan toka. Da can ana sa shi cikin gilashi da tangaran don ya ba su launin shuɗi. Ana haɗa shi da wasu ƙarafa a ƙera injin jirgin sama, don yana jure zafi ƙwarai. Yau mafi yawansa cikin batir yake shiga: batirin salula, da na kwamfuta, da na motoci da yawa masu aiki da lantarki. Salular da take cikin aljihu tana ɗauke da ƴan giram kaɗan na kobalt. Wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Kwango yake fitowa. Wajen jan ƙarfe ma, tun 2023 Kwango ce ta biyu a duniya, bayan ƙasar Shili.

3. Ta yaya ƙarfe ya shiga cikin dutse?

Masana duwatsu sun yi awo, sun gane tarihin wurin. Wajen shekara miliyon 800 da suka wuce, babu tudu a Katanga. Wani teku ne marar zurfi, mai gishiri ƙwarai, ya rufe wurin. Yashi da laka da farar ƙasa suka riƙa kwantawa a ƙarƙashin ruwan, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kamar tabarmin da aka jera bisa juna. Da daɗewa suka daskare, suka zama dutse.

Bayan haka wani ruwan gishiri mai zafi ya riƙa yawo cikin kafofin duwatsun. Ruwan nan ya kwaso jan ƙarfe da kobalt a narke. Da ya iske shimfiɗun baƙar laka, masu ɗauke da ruɓaɓɓun ƙananan halittu da farar wuta, sai ƙarafan suka rabu da ruwan, suka maƙale a wurin. Shi ya sa ba ko'ina cikin dutsen ake samun ƙarfe ba. A Tenke Fungurume manyan shimfiɗu biyu ne suke ɗauke da shi. Kaurin kowace yakan kai mita 5 zuwa 15. Tsakaninsu akwai wani dutse mai tauri, wanda ƙarfensa bai taka kara ya karya ba.

Wajen shekara miliyon 550 da suka wuce, ƙasa ta motsa. Manyan ɓangarori biyu suka matse yankin tsakaninsu. Ku shimfiɗa tabarma, ku tura ta daga gefe biyu: za ta lanƙwashe, ta yi tudu da kwari. Haka shimfiɗun dutsen suka yi. Waɗansu suka karye gunduwa-gunduwa, waɗansu suka miƙe tsaye. Yankin da ya lanƙwashe yana da siffar baka, tsawonsa ya zarce kilomita 500, daga Zambiya har Kolwezi. Ana ce masa ɗamarar jan ƙarfe.

Daga nan sai aikin ruwan sama da iska. Sun cinye duwatsu masu taushi, suka bar masu tauri a tsaye, suka zama tuddai. A saman tuddan, ruwa da iska suka sake wa ƙarafan kama. Jan ƙarfe ya zama koren dutse da ake kira malakit. Kobalt ya zama baƙin dutse mai kama da gawayi, sunansa heterojenit. Can ƙasa kuwa, inda iska ba ta kai ba, har yanzu ƙarafan suna haɗe da farar wuta.

Tuddan nan suna da alama. Daji ya kewaye su, amma su babu itace a kansu, don yawan jan ƙarfe guba ne ga saiwar itace. Sai ciyawa da waɗansu furanni da suka saba da shi. Mai neman ƙarfe in ya hangi tudu mai sanƙo a tsakiyar daji, ya san inda zai dosa.

4. Yadda ake haƙa da yadda ake tacewa

Tun da ƙarfen yana kusa da sama, ba sai an yi rami mai shiga ƙarƙashin ƙasa kamar rijiya ba. Buɗaɗɗen rami ake yi, wanda rana take haska cikinsa, irin na haƙar uraniyom a Arlit. A Tenke Fungurume ramukan suna da yawa, don gunduwoyin dutsen a warwatse suke. Tudun da aka fara haƙa shi ne Kwatebala.

Da fari ana kwashe ƙasar sama a tara gefe. Sa'an nan inji ya huhhuda dutse, a zuba nakiya, a fasa. Katafila ta kwashi fasasshen dutse ta loda wa manyan motoci. Ana sassaƙa bangon ramin hawa-hawa kamar matakala, don kada ya rufta, kuma motoci su sami hanyar hawa da sauka.

Cikin kilo 100 na dutsen kirki, ana samun kilo 2 zuwa 3 na jan ƙarfe, da wajen giram 300 na kobalt. Za ku ce kaɗan ne. Amma a manyan mahaƙun ƙasar Shili, galibi jan ƙarfen bai kai kilo 1 cikin kilo 100 ba. Wannan ne ya sa idon duniya yake kan Katanga.

A masana'anta ana farfasa dutsen, a niƙa shi da ruwa har ya zama kamar ƙullu. A zuba shi cikin manyan tankuna tare da asid, irin wanda ake kira ruwan batir. A nan wurin ake yin asid ɗin, ta hanyar ƙona farar wuta. Asid ya narkar da ƙarafan, ya bar yashi da laka. Sai a tace ruwan, a ware mai jan ƙarfe daban. A tsoma faifan ƙarfe cikinsa, a saki lantarki. Sannu-sannu jan ƙarfe ya riƙa mannewa jikin faifan. Bayan ƴan kwanaki a ɓamɓare shi falle-falle, tsantsa, babu gauraye.

Kobalt shi ba a kai shi ga zama ƙarfe a nan. Ana fitar da shi kamar gari, a ɗura cikin manyan buhuna. Mafi yawansa ƙasar Sin ake kai shi, can ake gama tace shi, can ake yin batir. Lakar da ta rage, wadda ita ce mafi yawa, ana tura ta cikin wani babban tafki da aka gina mata. Dole a tsare tafkin nan, don in ya yoyo zai ɓata rafuka da rijiyoyi.

Saura kai kaya bakin teku. Katanga tana da nisa da teku, kamar Nijar. Manyan motoci suna shiga Zambiya ta garin Kasumbalesa, su nufi Darussalam a Tanzaniya, ko Darban a Afirka ta Kudu. Tafiyar takan ɗauki makonni. Akwai kuma hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Tenke ta nufi yamma, har tashar Lobito a Angola. An gama ta a 1931.

5. Na wane ne?

Tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, mutanen Katanga sun san koren dutse. Da rani, in an gama aikin gona, maƙera sukan fita daji. Su gina murhu da ƙasar suri, su zuba malakit da gawayi, su hura da zugazugi. Narkakken ƙarfe su zuba shi cikin zubi mai siffar harafin X. Wannan shi ne kuɗinsu, da shi ake ciniki, da shi ake biyan sadaki. Ana yi wa maƙeran nan kirari da masu cin jan ƙarfe. A ƙasar Nijar ma an yi irin haka: matafiyi Ibn Battuta ya zo Takadda a 1353, ya iske ana ciniki da sandunan jan ƙarfe.

Da sarkin Beljik ya mallaki Kwango, aka kafa kamfanin Union Minière a 1906. Shi ya riƙe ma'adinan Katanga shekara 60. Masanansa sun binciki tuddan Tenke da Fungurume tun wajen 1918, amma kamfanin bai buɗe mahaƙa a wurin ba. Kwango ta sami ƴancin kai ran 30 ga Yuni 1960. A farkon 1967 gwamnatin Mobutu ta karɓe dukiyar kamfanin, ta kafa kamfanin ƙasa wanda yau ake kira Gécamines.

A 1970 waɗansu kamfanonin Ingila da Amurka da Japan da Faransa suka haɗa kai don su buɗe Tenke Fungurume. Suka kashe kuɗi mai yawa. Sai farashin jan ƙarfe ya faɗi, yaƙin Angola kuma ya rufe hanyar jirgin Lobito a 1975. A 1976 suka tsai da aiki. Shi ma Gécamines daga baya ya durƙushe. A shekarun 1980 yana fitar da fiye da ton dubu 400 na jan ƙarfe a shekara, cikin shekarun 1990 ya faɗi ƙasa da ton dubu 50. Ba shi da kuɗin buɗe sabon rami, sai ya nemi abokan tarayya daga waje.

A 1996 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Lundin. Yaƙi ya sake hana aiki. A 2005 wani kamfanin Amurka, Phelps Dodge, ya shigo. A 2007 kamfanin Freeport-McMoRan, shi ma na Amurka, ya saye Phelps Dodge. A watan Maris 2009 aka fitar da jan ƙarfe na farko, wajen shekara 90 bayan binciken farko.

A 2010 aka sake duba yarjejeniyar. Cikin kashi 100, Freeport ya riƙe 56, Lundin 24, Gécamines 20. A 2016 Freeport ya sayar da rabonsa ga kamfanin CMOC na ƙasar Sin, a kan dala miliyar 2 da miliyon 650. Ku lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba. Rabon Lundin ma ya bi ta hannun wani kamfani, ya koma wa CMOC a 2019. Tun daga nan CMOC yake da kashi 80, Gécamines yake da kashi 20.

6. Rigimar awo

Ba wanda yake ganin cikin ƙasa da ido. In ana so a san yawan ƙarfen da ya rage, sai inji ya huda dutse, ya zaro shi dogo kamar taɓarya. A kai ɗakin awo, a gwada. Sai an yi haka ɗaruruwan wurare, sa'an nan masana su yi lissafi. Abin da suka tabbatar za a iya haƙowa da riba, shi ake kira ajiya.

Yarjejeniyar 2010 ta ce in ajiyar jan ƙarfe ta zarce ton miliyon 2 da rabi, za a biya Gécamines dala miliyon 1 da dubu 200 a kan kowane ton dubu 100 da ya ƙaru. Wato dala 12 ke nan kowane ton. To, wa yake riƙe da injin huda da ɗakin awo? Kamfanin da yake haƙa, wanda kuma shi ne zai biya.

A 2021 gwamnatin Kwango ta naɗa kwamiti don ya sake duba ajiyar. Gécamines ya ce an rage lissafi, an ɓoye masa haƙƙinsa. CMOC ya ce ba haka ba ne. A watan Fabrairu 2022 wata kotu a Lubumbashi ta naɗa mai riƙon ƙwarya bisa mahaƙar. A watan Yuli aka hana fitar da kaya. Aka ci gaba da haƙa, jan ƙarfe da buhunan kobalt suka yi tsibi a fili har wata 9. A watan Afrilu 2023 aka shirya. CMOC ya yarda ya biya dala miliyon 800 daga 2023 zuwa 2028, kuma Gécamines zai sami aƙalla dala miliyar 1 da miliyon 200 na rabon riba tsawon rayuwar mahaƙar.

Masu magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ƙasar da ba ta da nata masanan duwatsu da nata masu lissafi, abin da aka faɗa mata kawai za ta karɓa.

7. Nawa ake fitarwa?

Da aka fara aiki a 2009, masana'antar tana iya fitar da ton dubu 115 na jan ƙarfe da ton dubu 8 na kobalt a shekara. A 2015 ta fitar da wajen ton dubu 200 na jan ƙarfe da ton dubu 16 na kobalt. A 2023 aka ƙara sababbin injuna. A 2024 ƙarfinta ya kai ton dubu 450 na jan ƙarfe a shekara. CMOC yana da wata mahaƙa ta biyu cikin jihar Luwalaba, sunanta Kisanfu. Su biyu a haɗe sun fitar da wajen ton dubu 650 na jan ƙarfe da ton dubu 114 na kobalt a 2024.

Amma in hatsi ya cika kasuwa, tiya takan yi araha. A farkon 2022 ton guda na kobalt ya kai wajen dala dubu 80. A farkon 2025 ya faɗi ƙasa da dala dubu 25. Don haka a watan Fabrairu 2025 gwamnatin Kwango ta hana fitar da kobalt. A watan Oktoba ta buɗe ƙofa, amma ta yanka wa kowane kamfani iyakar abin da zai fitar.

8. Mutanen wurin fa?

Mahaƙar ta ba dubban mutane aiki. Dokar ma'adinai ta 2018 ta sa kamfanoni su biya gwamnati kashi 10 cikin 100 na kuɗin kobalt, da kashi 3 da rabi na kuɗin jan ƙarfe. Garin Fungurume ya cika ya batse da baƙi masu neman abinci.

Amma ramin yana cin ƙasa. Kafin a fasa tudun Kwatebala, sai da aka tashi ƙauyukan Mulumbu da Amoni da Kiboko, aka sake musu mazauni. Manomin da ya rasa gonarsa, ba lalle ne ya sami aiki a kamfani ba. Samari da yawa sukan shiga filin da diga da shebur, su haƙo dutse su sayar. Aiki ne mai haɗari, ramukansu sukan rufta da mutane. A watan Yuni 2019 gwamnati ta tura soja suka kore su daga filin. Har yanzu mafi yawan mutanen Kwango ba su da lantarki a gidajensu, alhali ƙasarsu ce take ba duniya ƙarfen waya da na batir.

Ma'adini kuma ba ya tsirowa kamar gero. Abin da ya kwanta shekara miliyoyi, cikin ƴan shekaru ake kwashe shi. Ran da ajiya ta ƙare, kamfani zai naɗe kayansa. Rami da tafkin laka su za su saura, tare da abin da ƙasa ta gina da rabonta.

Mu riƙe

Tenke Fungurume buɗaɗɗiyar mahaƙa ce ta jan ƙarfe da kobalt a jihar Luwalaba, ƙasar Kwango. Ƙarafan sun kwanta cikin lakar wani tsohon teku, motsin ƙasa ya turo su sama. An fara fitar da ƙarfe a 2009. CMOC na ƙasar Sin yana da kashi 80, Gécamines na Kwango yana da kashi 20. Rabon ƙasa ya danganta ga yarjejeniyar da ta sa wa hannu, da kuma iya awon abin da yake cikin ƙasarta.

Sababbin kalmomi

Ma'adini: abu mai amfani da ake haƙowa daga ƙasa.
Mahaƙa: wurin da ake haƙar ma'adini.
Ajiya: ma'adinin da aka auna, aka tabbata za a iya haƙo shi da riba.
Ton: kilo 1.000.
Miliyar: miliyon 1.000.

Tambayoyi

1. Cikin wace ƙasa da wace jiha Tenke Fungurume take?
2. Don mi babu itace bisa tuddan jan ƙarfe?
3. Mi ya sa ake yin buɗaɗɗen rami a wurin?
4. Ku faɗi amfani biyu na jan ƙarfe, da biyu na kobalt.
5. Mi ya haɗa Gécamines da CMOC rigima? Yaya aka shirya?
6. Waɗanne ma'adinai ake haƙowa a Nijar? A ina?

Lissafi

1. Cikin kilo 100 na dutse akwai kilo 3 na jan ƙarfe. Ton nawa na dutse za a niƙa don a sami ton 30?
2. A ce ribar shekara dala miliyon 500 ce. Nawa mai kashi 80 zai samu? Nawa mai kashi 20?
3. A ce an auna ajiya, an sami ton miliyon 4. Ana biyan dala 12 a kan kowane ton da ya zarce miliyon 2 da rabi. Nawa za a biya?
4. Babbar mota tana ɗaukar ton 30. Mota nawa za su kwashe ton dubu 450?